Wasiƙun Mai Gardama

Shafi na 17

Na ga saƙonninku, masu cewa na rataye ku kwana uku na yi tafiyata. Ku yi haƙuri. Tsayuwar kantin magani daga safe zuwa yamma ba ta barin mutum da ƙarfin rubutu, kuma wannan shafin ni kaina ban so zuwansa ba. Wadda ta ce in daina tausaya wa Baba kuma, na ji ki. Da ubanki ne da ba ki ce haka ba.

Kun tuna inda muka tsaya. Sabon Manajan gidan rediyo ya ba Baba zuwa ranar Asabar. Shekara ashirin da biyu Baba yana gabatar da Daga Tsohon Akwati, shirinsa na tsofaffin finafinai da kiɗan rok na Turawa, amma Manaja ya ce ba mai saurare. Wayar situdiyo ta yi shekara uku ba ta yi ƙara ba. Wasiƙa ɗaya tak ke zuwa duk mako, ta wani mai kiran kansa Mai Gardama, ita ma Manaja ya ce yana zargin Baba ne ke rubuta wa kansa. Ko dai Baba ya kawo mutumin da ƙafarsa, ko a rufe shirin a kuma faɗi dalili a gaban ma'aikata.

Baba bai san Mai Gardama ba. Ni na sani, don ni nake buga wasiƙun a kwamfutar kantinmu shekara shida ke nan, tun da ido ya fara ba mai su wahala. Mama ce.

Ranar Alhamis na dawo wajen ƙarfe biyar, ƙafafuna kamar na aro. Tun daga bakin ƙofa na sha jinin jikina, saboda falo shiru. Gidanmu ba ya shiru in Baba na nan. Ko dai jita na kuka, ko kuma wani ɗan fim da ya mutu tun kafin a haife ni yana tafiya cikin ruwan sama a talabijin, Baba na yi wa kujeru bayanin dalilin da ya sa ba a sake yin kamarsa ba.

Na same shi gaban garmaho. Ya ɗora faifan nan mai baƙin bango, bai kunna ba. Wasiƙar wannan makon na kan gwiwarsa. Na gane ninkin, ni na ninka ta.

"Auta, ajiye jakar ki zauna."

Na zauna.

Ya tambaye ni waƙar farko ta faifan nan minti nawa ce. Na ce goma sha ɗaya, ai ko katangar gidan nan ta sani. Ya tambaya ko ya taɓa sa ta a rediyo. Na ce a'a, kullum cewa yake shirin rabin awa ne, in aka cire talla da gaisuwa ba za ta shiga ba, kuma shi ba ya yanka waƙa. Ya gyaɗa kai, ya gyara tabarau, ya karanta da muryarsa ta rediyo, tun daga laƙabin da Mai Gardama ke kiransa da shi.

"Tsohon Faifai, shekara goma sha tara muna gardama, ban taɓa yarda da kai ba. Amma waƙar da ka ce da ita za ka rufe shirin in ta kama a rufe, a nan na yarda. Musamman wurin da jita ta yi shiru, mai ganga ya maimaita bugu ɗaya har sau uku, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe masa ba."

Ya sauke takardar. Ya ce ranar Talata da ya karanta wannan, saura kaɗan ya yi hawaye a gaban mai gadi. Mai Gardama da kansa ya yarda da shi. Don murna ya karya dokarsa, ya tafi wurin mai injin sauti ya ce ya nemo masa waƙar a kwamfuta, ya yanko masa daidai wurin, ko da shi kaɗai ne a sa ranar Asabar. Suka saurara sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Babu bugu uku. Mai ganga sau ɗaya ya buga, jita ta dawo.

"Yanzu saurara," in ji Baba.

Ya sauke allura a tsakiyar faifan. Jita ta yi ta hawa, ta yi shiru. Ganga ta buga. Ta sake bugawa. Ta sake. A na ukun Baba ya miƙa ɗan ƙaramin yatsansa ya taɓa hannun allurar, waƙa ta ci gaba.

Sai a lokacin na gane. Na ga yatsan nan ya fi sau dubu. Faifan a karce yake, ni ce ma na karce shi da cokali ina rarrafe, labarin da ake ba duk baƙon da ya shigo gidan nan. Allura na maƙalewa a wurin, Baba kuma ya saba, sai ta yi uku yake ture ta, ko kallo ba ya yi. Da hannuna na buga layin nan a kwamfuta ban kawo komai a raina ba.

"Faifan da ke da bugu uku a duk duniya guda ɗaya ne," in ji shi. "Ga shi nan. Mai Gardama ya zauna a falon nan."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ke ce?"

"Baba, shekarata takwas lokacin da aka fara."

Ya yi lissafi da leɓe, ya yarda. Daga nan ya shiga ƙirga. Yayana, wanda ke cewa kiɗan nan hayaniyar maƙera ce, ya cire shi. Abokinsa makanike, ya rasu shekara biyar kuma wasiƙa ba ta tsaya ba. Maƙwabcinmu malamin lissafi, bai iya jera jimla mai daɗi haka ba. Ƙanin Mama, barci yake yi kafin fim ya kai rabi. Har mai gyaran wuta da ya zo sau biyu sai da Baba ya kawo shi, ya auna, ya ajiye.

Kicin ɗinmu taku biyar ne daga falo, labule kawai ya raba su. Tun shigowata nake jin wuƙa a kan katako. Da Baba ya kai kan mai gyaran wuta sai na ji ta tsaya.

Wallahi a nan ne raina ya ɓaci da shi. Ya ƙirga rayayye ya ƙirga matacce, bai ko juya ya kalli labulen ba.

Mama ta fito tana goge hannu da tsumma. Ba ta zauna ba. Ta tsaya inda take tsayawa kullum, jikin ƙofa, rabi a falo rabi a kicin.

"Ka bar mutum ɗaya," ta ce.

"Wa?"

"Ban san yatsa kake sawa ba. Daga kicin ba a ganin yatsa."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya sake dubanta. Sai ya yi 'yar dariya, irin wadda yake yi in yaro ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ce ta bar wasa, maganar aikinsa ake yi. Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce ya tambaye ta duk abin da ya ga dama.

Ya tambaye ta fim ɗin mai gadin tasha.

Ku da kuka biyo labarin nan kun san fim ɗin. Tsoho ne mara kala, na wani mai gadin tashar jirgin ƙasa da matarsa ta hau jirgi ta tafi ta bar shi. Baba ya kalle shi ya fi sau arba'in, kuma ra'ayinsa bai taɓa motsi ba: mutumin haƙuri ne, matar butulu ce, kuma ba a taɓa ɗaukar hoto mai kyan wurin da ya tsaya da fitilarsa jirgi na wucewa ba. Sun yi mako huɗu suna fafatawa da Mai Gardama a kan wannan a rediyo.

"Fim ɗin awa ɗaya da minti hamsin ne," in ji Mama. "A ciki tambaya biyu ya yi wa matarsa. Ta farko, ina fitilata. Ta biyu, ina kika sa fitilata. Na ce maka kai fitilar kake kallo, ni ita nake kallo a bayansa tana buɗe baki tana rufewa."

Dariyar Baba ta ɗauke.

Ya ce a ina ta ƙirga. Ta ce a kujerar da yake zaune, in ya tafi aiki. Da takarda da biro. In ta gama sai ta mayar da kaset ɗin daidai inda ya tsaya, don kada ya yi faɗan an taɓa masa kaya.

Ya sake gwada ta da waƙa. Ya ce to me Mai Gardama ya ce da shi ya faɗi cewa kiɗan rok gaba ɗayansa muryar mawaƙi ne da yatsun mai jita.

"Na ce ka toshe kunne ɗaya ka nemi mai babbar jitar da ke can baya, wanda ba a sa hotonsa a gaban bango. Ranar da ya tsaya za ka ji waƙar ta zube, su kuma na gaban ba su ma san shi ke riƙe da su ba. Ka ce wannan magana ce ta wanda ya san kiɗa. Ka ce da ma ka san mutumin nan ka sha shayi da shi."

"Na ce haka?"

"Ka ce. Kana dawowa kuma na kawo maka shayin."

Na sunkuyar da kai. Ban san wanda zan kalla ba a cikinsu.

Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan bangon faifan, abin da in wani ya yi sai gidan ya yi masa kaɗan. Ya tambaye ta me ya sa. Muryar rediyon ta tafi, wadda ta rage ta wani tsoho ce da ya gaji.

Mama ta ba shi labarin a tsaye, ba ta ɗaga murya ba. A shekarar farko ta aurensu sun kalli fim ɗin mai gadin tasha tare, da aka gama ta ce ita fa ba ta ga laifin matar ba. Ya ce mata ba za ta gane ba, ta ɗora ruwa. Ta ce ba da faɗa ya faɗa ba, da murmushi ma ya faɗa, shi ya sa ba ta da abin riƙewa. Tun daga ranar ta koma kallo daga bakin ƙofa. Shekaru suka ja, ya sami shirin rediyo, wata rana ya dawo jiki a sanyaye ya ce shekara uku ko takarda ɗaya ba a aiko masa ba. Lokacin tana aikin buga tafireta a ofis. Washegari da aka tashi cin abinci ta sa takarda ta buga, ta jefa a akwatin ƙofar gidan rediyo a hanyarta ta gida.

"Maganar da na faɗa maka a falon nan ita na buga. Ko kalma ɗaya ban canza ba. Ka yi minti goma sha biyar kana amsa ta. Ka ce daga wani mai zurfin tunani."

"Da sai ki gaya min."

"Na gaya maka. Ka ce in ɗora ruwa."

Garmaho na ta juyawa, allura ta kai ƙarshe tana ƙas, ƙas, ba wanda ya tashi ya ɗage ta.

Na zaci zai ba ta haƙuri. Ko ya yi faɗa, shi ma wani abu ne. Abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"Ke nan babu kowa."

"Ban gane ba," in ji ni.

"A waje. Babu kowa, Auta. Manaja ya yi gaskiya. Shekara goma sha tara ina shiga mota biyu, in je in zauna gaban makirufo, in yi magana da matar da na baro a gida."

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye muku ba. Na kuma ji haushinsa a lokaci ɗaya, don ko a wannan ma kansa ya fara gani. Mama dai ta ninke tsummanta biyu, ta sake ninkewa.

Ni ce na yi ƙarfin hali na ce to ai abin ya zo da sauƙi. Manaja mutum ya ce a kawo, ga mutum. Mama ta shirya ranar Asabar su tafi tare.

Baba ya ce a'a. Ya ce ban san Manaja ba. Yaron nan hoto zai ɗauka ya watsa a shafin gidan rediyo, a rubuta mata na rubuta wa mijinta wasiƙa don a ce yana da masu saurare. Kafin yamma dangi da maƙwabta da tsofaffin abokan aikinta kowa ya sami abin dariya. Ya ce shi ya riga ya tsufa a bakin mutane, amma ba zai kai matarsa a yi mata dariya ba.

Na juya wurin Mama. Ita ma ta ce a'a, amma nata dalilin daban ne. Ta ce Mai Gardama shi kaɗai ne abin da take da shi a gidan nan da ba na kowa ba. A takarda tana iya ce masa ka yi kuskure. In ta zauna a gabansa yana kallonta, ta san kanta, bakinta zai mutu.

Ta koma kicin. Wuƙa ta ci gaba.

Ranar Juma'a gidan kamar an yi mana rasuwa. Ba jita, ba talabijin. Baba ya shiga kicin da kansa ya dafa shayi, karo na farko a rayuwata, ya yi ta buɗe gwangwanaye yana neman sukari. Mama na zaune tana kallonsa, bai tambaya ba, ba ta nuna ba. A ƙarshe ya sha shi haka. Na tafi aiki na dawo, suna nan yadda na bar su. Na gaji da su duka biyun, na kuma gaji da kaina, mai kai wasiƙa shekara shida da ba ta taɓa cewa ku biyun nan ku zauna ku yi magana ba.

Asabar da ƙarfe biyu ya goge rigarsa da kansa, ya ƙona bakin aljihu. Ya sa baƙin faifan a leda. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, ya kalli labulen kicin, sai ya ce min in kulle ƙofa.

Ƙarfe huɗu saura biyar Mama ta ɗora ƙaramar rediyonta a kan taga, inda take ɗora ta duk Asabar. Ta jawo takarda da biro ta ajiye kusa da katakon yanka. Da ta ga ina kallonta sai ta ce hannu ne kawai ya saba.

Kiɗan buɗe shiri ya tashi. Baba ya yi sallama, ya gaishe da masu saurare na nesa da na kusa kamar kullum. Ya ce yau ba fim, ba labarin mawaƙi. Waƙa ɗaya zai sa, mai minti goma sha ɗaya, daga faifansa na gida, wanda ya ji wani abu ya maimaitu a ciki ya yi haƙuri. Amma kafin nan yana da maganar da zai sauke.

"An ce in kawo muku Mai Gardama yau," ya ce. "Ban kawo shi ba. Dalili kuwa shi ne babu shi."

Hannun Mama ya tsaya a kan albasa.

"Duk wasiƙun da na karanta muku shekara goma sha tara, ni na rubuta su. Maganar fitilar mai gadin tasha, da ta mai babbar jita, duk daga kaina suka fito. Laifin nawa ne ni kaɗai, kada a nemi kowa."

Na san abin da yake yi. Kare ta yake yi, da sunansa da aikinsa na shekara ashirin da biyu, Manaja na tsaye bayan gilashi yana ji. Na buɗe baki zan faɗa wa Mama haka, sai na ga fuskarta.

"Daga kansa suka fito," ta ce a hankali. "Har wannan ma sai ya karɓe."

"Mama, don ke yake yi."

"Na sani. Bai tambaye ni ba. Ba ni wayarki."

Na miƙa mata. Ba ta nemi tabarau ba, ba ta tambaye ni lamba ba. Lambar da Baba ke karantawa sau biyu duk Asabar, ta danna ta da yatsa mai ruwan albasa, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Baba na cikin neman gafarar masu saurare muka ji wayar ta ɗauki ƙara a cikin rediyo. Ya katse maganarsa. Aka ji kujera ta ja, aka ji mai injin sauti na lalube, ya manta maɓallin da ake dannawa. Ta yi ƙara sau huɗu.

Mama ta miƙa hannu ta rage muryar rediyo, kamar yadda Baba ke roƙon masu kira su yi tun lokacin da ake kira.

"Da alama muna da mai kira a layi," in ji Baba. "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam."

"Da wa nake magana?"

Mama ta jingina da jikin ƙofa.

"Shekara talatin da huɗu kana jin muryar nan, Tsohon Faifai. Yau ma sai an rubuto maka?"